Ciwon Sukari Da Karatun Wayar Hannu

Ciwon sukari ba irin zazzaɓin sauro ba ne, da mutum zai sha magani kwana uku ya kakkaɓe riga ya koma gona. Wanda ya same shi ya sami abokin zama. Likita zai gan shi na ɗan lokaci a wata, ko bayan wata uku, sauran kwanakin kuwa shi ne likitan kansa. Shi zai zaɓi abin da zai kai baki, shi zai haɗiyi ƙwaya a kan lokaci, shi zai duba ƙafarsa da dare. Sabo da haka mu ke ganin ilmi rabin maganin wannan ciwo ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022, fiye da rabinsu kuwa ba su shan magani. Kada wani ya ce ai ciwon attajiran birni ne. Ya shiga ƙauye tuni.

A ƙasashe da yawa yanzu ana koyar da manya masu wannan ciwo ta intanet, darasi bayan darasi, mutum na zaune a gidansa. Dabara ce mai kyau, mu ma muna bukatarta. Ku dubi magidanci a Kafin Dafga, ƙasar Ƙaraye. In yana son ganin ƙwararren likita sai ya nufi Kano, Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ya biya kuɗin mota, ya yi asarar yini guda, in da damina ne ciyawa ta ci gona. Darasin da zai iske shi cikin wayarsa ya rage masa wahala mai yawa.

Amma fa akwai gyara. Yawancin darussan nan da Turanci su ke, a kan cimar Turawa kuma aka tsara su. Mutumin da ya karya kumallo da koko mai sukari, ya sha fura da rana, ya sha rake da la'asar, ya ci malmalar tuwon masara biyu da dare, me zai ƙaru da shi daga jerin abincin mutanen Ingila? Abin da ya ke so a faɗa masa shi ne ya rage malmala, ya ƙara miyar ganye da wake da zogale, ya bar lemon kwalba.

Abin da ya fi damunmu kuwa shi ne, wayar da ke kawo darasi ita ke kawo 'yan damfara. Tun da Banting da Best suka samo insulin a Toronto ta ƙasar Kanada cikin 1921, abin da likitoci suka iya shi ne riƙe ciwon, ba tumɓuke shi ba. Duk da haka sai ka ji murya cikin waya tana rantsuwa wai garinta na warkarwa cikin mako guda. Bawan Allah ya gaskata, ya ajiye ƙwayar asibiti, ba ya farga sai ƙaya ta zama gyambo, ido ya dushe, ko ƙoda ta gaza.

To, malaman makaranta da akawuna, nan aikin ya zo kanku. A shekarun 1950 malamai da ma'aikatan En'e ne suka ɗauki Yaƙi da Jahilci suka zaunar da dattawa gindin itace. Ku ne magadansu, ku ne kuma a ke kawo wa waya a ce, "Malam, duba mini wannan." Ku riƙe abu kaɗan. Awon jini kafin karin kumallo in ya kai 126, a tafi asibiti a tabbatar. Mai shan magani in ya ji karkarwa da gumi, awonsa ya faɗi ƙasa da 70, a ba shi sukari nan take, kada a tsaya gardama. Kada ya yi yawo ba takalmi. Kafin watan azumi ya nemi shawarar likita game da lokutan maganinsa. Duk saƙon da ya ce a bar magani, ku ce masa ƙarya ne, ko da bakin wa ya fito.

Muna kuma roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano ta sa likitocinta su ɗauki darussan nan da muryarsu, da Hausa, gajeru, yadda wanda bai yi boko ba zai saurara, a kuma iya tura su daga waya zuwa waya ba tare da sayen data ba. A ajiye su a ɗakunan shan magani na Ƙaraye da Rogo. Ranar 14 ga Nuwamba ita ce ranar ciwon sukari ta duniya, ta kuwa dace a fara rabon.