Abuja: A Shimfiɗa Hanya Kafin A Raba Fili

A watan Fabrairu na 1976 ne gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa Doka ta 6, wadda ta keɓe Babban Birnin Tarayya bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, ta kuma kafa Hukumar Raya Birnin Tarayya, wato FCDA. A 1979 wani rukunin kamfanonin Amurka mai suna International Planning Associates ya miƙa taswirar birnin, sannan shahararren mai zanen gine-gine ɗan Japan, Kenzo Tange, ya tsara tsakiyarsa. Ranar 12 ga Disamba 1991 kuma gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta taso daga Legas ta tare a Abuja.

Duk ma'aikacin tsara birane da ya daɗe yana aiki a wannan gari ya san darasi guda wanda shekarun nan suka koyar: unguwar da aka shimfiɗa wa hanya da magudanan ruwa kafin a raba filayenta tana zama lafiya, wadda kuwa aka raba ta a takarda tun tana daji, ita ce ke cin kuɗin gwamnati da na jama'a har gobe.

Misalin yana nan a fili. Kashi na farko na birnin, wato Garki da Wuse da Maitama da Asokoro, an gina shi ne bisa ƙa'ida. An auna ƙasa, an haƙa magudana, an binne bututun ruwa da na bahaya, an zuba kwalta, kafin galibin masu filaye su aza harsashi. Shi ya sa har yau darajar gidajen waɗannan unguwanni ba ta faɗuwa. Da aka zo kashi na biyu da na uku kuwa, sai rabon fili ya yi wa aikin injiniya nisa. Mutum zai riƙe takardar mallaka shekara da shekaru ba tare da hanyar da tifar yashi za ta bi ta kai filinsa ba. Wanda ya gaji da jira sai ya sayar, wanda ya saya kuma ya ajiye yana jiran farashi ya tashi. Ta haka fili ya tashi daga wurin zama ya koma hajar 'yan kasuwa.

Shirin gina rukunin gidaje da aka soma a 2000 shi ma ya faɗa wannan rami. An ba kamfanoni manyan filaye bisa sharaɗin gwamnati ta kai musu babbar hanya da ruwa da lantarki, su kuma su yi na cikin gida. A wurare da dama gidajen suka tashi kafin manyan magudanan su iso. Ambaliyar da ke addabar Lokogoma lokacin damina, da wadda ta mamaye rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe a 2023, sun nuna cewa ruwa ba ya duba takardar mallaka, hanyarsa ta asali kawai yake bi.

Ƙananan ma'aikata su ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Da yake filin da aka gyara bai wadata ba, kuɗin haya a cikin birni ya fi ƙarfin albashinsu, sai suka koma Nyanya da Karu da Kubwa, wasu ma suka tsallaka Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa, ko Madalla da Suleja a Jihar Neja. Sa'o'in da suke ɓatawa kullum a cunkoson hanyar Keffi asara ce ga tattalin arzikin ƙasa, ko da yake ba ta bayyana a kasafin kuɗin kowace ma'aikata. Jirgin ƙasan cikin gari da aka ƙaddamar a 2018 ya tsaya a 2020, sai a 2024 aka farfaɗo da shi, kuma layinsa bai kai ga wannan ɓangare ba.

Akwai masu ganin cewa rusau ne maganin matsalar. Gaskiya ne cewa a zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i, daga 2003 zuwa 2007, an rushe gine-gine da dama da suka saɓa wa taswira, an kuma kafa AGIS domin adana bayanan filaye a kwamfuta, abin da ya rage rabon fili ɗaya ga mutum biyu. Sai dai kowane gida da katafila ta ture, siminti ne da rodi da guzurin wani iyali suka zama ɓaraguzai. Rigakafi ya fi magani. Kafin ginin ya kai linta, ai wani jami'i ya gan shi, wani kuma ya sa hannu ko ya kau da kai.

Ƙasar nan ba ta rasa ƙwararru ba. Ƙungiyar masu tsara birane ta Nijeriya tana nan tun 1966, an kafa majalisar yi musu rajista a 1988, sannan ga Dokar Tsara Birane da Yankuna ta 1992. Abin da ake rasawa shi ne sauraronsu a lokacin da shawararsu ta ci karo da bukatar mai iko, musamman wajen mayar da wuraren shaƙatawa da bakin rafuka zuwa filayen gini.

Saboda haka ya kamata hukumar birnin ta ɗauki matakai uku. Na farko, kada a ba da takardar fili a kowace sabuwar unguwa sai an kammala babbar hanya da magudanan ruwanta. Na biyu, duk wani sauyin amfanin fili a buga shi ga jama'a tare da rahoton ƙwararrun da suka duba shi da sunan wanda ya amince. Na uku, a daidaita maganar diyya da sake tsugunar da Gwarawa da sauran 'yan asalin wurin kafin masu awo su shiga, domin jinkirin da aka yi a kan haka tun farko yana cikin abin da ya haifar da unguwannin da ba su da tsari a tsakiyar birni. Kashi na huɗu na birnin bai gama cika ba tukuna, don haka akwai sauran damar a gina shi yadda aka gina Maitama.