Ƙabilar Pima, kogin da aka tare da ciwon sukari

A shekarun baya ana kiran ciwon sukari ciwon masu kuɗi. Yau ka san ba haka ba ne. A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, da wuya ka samu unguwar da babu mai fama da shi. Don mu fahimci inda ciwon yake fitowa, bari mu duba labarin wata al'umma mai nisa da mu, wadda ta riga mu shiga wannan hali, kuma take neman hanyar fita ta wajen komawa ga cimakar kakanninta.

A kudu maso yammacin Amurka akwai jaha mai suna Arizona. Ƙasa ce mai zafi da ƙarancin ruwan sama, kamar tamu. A can ƙabilar Pima take zaune. Suna cikin ƴan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar suka kira su Indiyawa. Su kuwa suna kiran kansu Akimel O'odham, wato mutanen kogi, domin rayuwarsu duka ta rataya ga kogin Hila. Tun ɗaruruwan shekaru suke gina magudanai suna jan ruwa zuwa gonaki. Suna noma masara, kabewa, auduga da wani ƙaramin wake mai jure fari da ake kira tefari. Suna kuma niƙa ƴaƴan wani itace mai ƙaya, meskit, su yi gari. Daga baya suka karɓi alkama daga hannun mutanen Sifen, suka ƙware a nomanta har suna sayar wa matafiya da sojojin Amurka.

Wajen shekarar 1870, baƙi manoma suka zauna a saman kogin, suka tare ruwan suka karkatar da shi zuwa nasu gonaki. Kafin ƙarshen ƙarnin, kogin ya ƙafe a ƙasar Pima. Yunwa ta shigo ta daɗe shekaru da yawa. Manoman da suke ciyar da wasu suka koma saran itace suna sayarwa. Daga bisani gwamnati ta riƙa raba musu taimakon abinci: farin garin fulawa, kitse, sukari da abincin gwangwani. Wannan taimako ya tsirar da rayuka, babu mai musun haka. Amma ya sauya tukunyar gida gaba ɗaya, kuma mutanen da suka saba wuni a gona suka zauna babu aikin ƙarfi.

A 1965 masu binciken lafiya na gwamnatin Amurka suka fara bin lafiyar ƴan Pima shekara da shekaru. Abin da suka gani ya tayar da hankali: kusan rabin waɗanda suka haura shekara 35 suna da ciwon sukari. Wasu sun makance, wasu an yanke musu ƙafa, wasu ƙodarsu ta daina aiki.

Da farko mutane da yawa suka ce abin a jini yake, gado ne, babu yadda za a yi. To, sai aka tuna cewa Pima suna da dangi a ƙasar Meziko, a wani ƙauye na kan duwatsu mai suna Maikoba. Asalinsu ɗaya. Amma na Meziko suna nan suna noma da hannu, suna cin masara da wake da abin da garkarsu ta ba su. Aka auna su. Sakamakon da aka buga a 2006 ya nuna cewa cikin manya 100 na Meziko, kimanin 7 ne suke da ciwon, alhali cikin 100 na Arizona 38 ne. Ka tsaya ka sake karanta waɗannan lambobi biyu. Gado yana da nasa rabo, amma cimaka da motsa jiki su ne suka raba bakwai da talatin da takwas.

Daga nan ne maganar farfaɗo da al'ada ta samu ƙarfi. A garin Sakaton, dattawa suka roƙi wata manomiya ta sake noma musu waken tefari, wanda ya kusa ɓacewa. Ta samu ɗan iri a cikin kwalabe, a akwatin da mahaifinta ya bari, ta shuka, ta riɓanya shi. Maƙwabtansu na cikin hamada, ƙabilar Tohono O'odham, suka kafa ƙungiya a 1996 don su maido da noman damana irin na da, da ɗibar ƴaƴan itatuwan daji, da wasannin guje-guje na gargajiya. Aka shigar da tsofaffi cikin aikin, domin su kaɗai suka san lokacin shuka da yadda ake dafa waɗannan abubuwa. Masana sun tabbatar cewa irin wannan wake da garin meskit suna da ɓawo da zare mai yawa, saboda haka sukarinsu yana shiga jini a hankali, ba kamar na farin burodi ba.

Sai dai wake ba ya tsira a busasshiyar ƙasa. Pima sun yi shekaru masu yawa suna shari'a a kan ruwansu. A watan Disamba na 2004 aka sa hannu a dokar da ta ba su haƙƙin ruwa kimanin mita kubik miliyan 800 a kowace shekara. A ganina nan ne zuciyar labarin take. Da wa'azi kaɗai aka yi musu a kan su ci abincin gargajiya, ba tare da ruwa da gona ba, da maganar ta tsaya a baki.

Kada kuma mu faɗi abin da ya wuce gaskiya. Ciwon sukari bai bar ƙasar Pima ba har yau. A 2017 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sanar cewa mutuwar ƙoda saboda ciwon sukari ta ragu da kashi 54 cikin 100 a tsakanin ƴan asalin ƙasar, daga 1996 zuwa 2013. Babban dalilin wannan nasara shi ne aikin likita: gwaji a kai a kai, maganin hawan jini, da bin marar lafiya har gida, da kuɗin wani shiri na musamman da majalisar dokokinsu ta kafa a 1997. Abincin kaka da maganin likita tare suka yi tafiya.

Yanzu mu dawo gida. Mu ba a tare mana kogi ba, kuma hatsi, dawa da wake suna nan a rumbunanmu. Amma duba kwanon gidan birni. Shinkafa fara da taliya sun ture tuwo. Dunƙulen miya ya ture daddawa. Ana zuba sukari a fura, a kunu, ga shayi zagaye uku, ga lemun kwalba a kowane biki. Babur ya maye gurbin tafiyar ƙasa. A azuzuwan yaƙi da jahilci na sha jin magidanci yana cewa yana jin kunya baƙo ya tarar da kwaɗon zogale a gidansa, kamar alamar talauci ce. Alhali ganyen zogale, kuka, rama, yakuwa da tafasa suna cikin abin da jiki ya fi buƙata, kuma wake da hatsi a kwano ɗaya cikakkiyar cimaka ce. Manoman Maraɗi sun riga sun nuna cewa abin da aka yasar yana dawowa: tun daga shekarun 1980, ta hanyar sassaben zamani, suka bar kututtura suka tofo, har itatuwa miliyoyi suka koma gonaki.

Ba kowace al'ada ce ta cancanci a maido ta ba. Zubar da dakashi, ɗura wa jariri bauri ko ruwa, da cire beli da askar da ba a dafa ba, duk gadonmu ne, kuma duk suna cutarwa. Jariri nonon uwa zalla yake buƙata har wata 6.

Idan kana yawan jin ƙishirwa, kana tashi fitsari sau da yawa cikin dare, kana ramewa ba dalili, ko kana da gyambon da ya ƙi warkewa, je likita a auna jininka. Ana son ka je da safe kafin ka ci komi, kuma ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa. Wanda aka riga aka ɗora a kan magani ya gyara cimakarsa, amma kada ya bar maganin don an ba shi jiƙo ko sassaƙe, sai ya koma ya yi shawara da ma'aikacin lafiyar da yake duba shi.