Katsina na buƙatar ƙungiyar masu sarrafa na'urori, ba ta masu ɗaukar hoto ba

Duk wanda ya lura da yadda wayarsa ke caji ya san tana gudu da farko, sai ta kai wajen kashi 80 cikin 100 ta fara tafiyar hawainiya. Ba caja ce ta gaji ba. Akwai ɗan ƙaramin sashe a cikin wayar da ke auna ƙarfin wuta da zafin batir a kowane lokaci, yana kwatanta su da abin da ya kamata, yana rage ko ƙara wutar da ke shiga. Auna, kwatanta, gyara, a sake aunawa. Wannan zagayen shi ne ƙashin bayan fannin injiniyancin sarrafa na'urori, wato koya wa na'ura ta riƙa daidaita kanta ba tare da mutum ya tsaya a kanta ba.

Abin yana ko'ina a garin nan. Sitabilaizar da ke kare firjin gidanku, na'urar da ke kashe famfon burtsatse idan tanki ya cika, inbatar da ke karɓar aiki da zarar an ɗauke wuta, duk aikinsa ne. Hatta babban layin lantarki na ƙasa, da cibiyar kula da shi ke Osogbo, rayuwarsa ta dogara ne kan a riƙe bugun wutar kusa da 50 a daƙiƙa. Ya yi nisa da haka, injinan tashoshi su kare kansu su fita, ƙasa ta faɗa duhu.

To ga ra'ayina: Katsina da maƙwabtanta na cika da irin waɗannan na'urori, amma masu saninsu a warwatse suke. Muna buƙatar ƙungiya ta wannan yanki da za ta haɗa masu binciken fannin da masu aikinsa a zahiri.

Mu ɗauki Lambar Rimi, nan kusa da mu. Tashar samar da lantarki daga iska ce mai megawat 10, injina 37 na kamfanin Vergnet na Faransa, kowanne kilowat 275. An faro maganarta tun marigayi Umaru Musa 'Yar'adua na gwamna, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓa. A Disamban 2012 aka sace injiniyan kamfanin, Francis Collomp, a garin Rimi, sai a Nuwamban 2013 ya kuɓuta. Aikin ya yi ta jan ƙafa fiye da shekaru goma. Dalilan suna da yawa, akwai tsaro, akwai kuɗi. Amma wanda ya dame ni shi ne, a ce makomar aiki irin wannan ta rataya a kan ko ƙwararren waje zai iya zuwa ko ba zai iya ba. Injin iska ba fanka ba ce da ake kafawa a tafi. Dole ya riƙa daidaita fukafukansa da ƙarfin iska, ya tsaya cak idan guguwa ta taso, ya kuma daidaita wutarsa da ta babban layi kafin ya zuba ta. Duk wannan aikin masu sarrafa na'urori ne, kuma aiki ne na kullum har tsawon rayuwar injin.

Wanda ya fi shafar aljihunku shi ne sola. Tun bayan cire tallafin mai a 2023, da kuma duhun da Arewa ta sha na sama da mako guda a Oktoban 2024, masu shagunan caji, gidaje, masallatai da ƙananan asibitoci sun koma kan hasken rana. Sai dai batiran ruwa, irin waɗanda aka fi saye saboda sauƙin kuɗi, ana ƙayyade ƙarfin cajinsu ne a kan zafin digiri 25. Mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40. Idan ba a saita na'urar kula da caji ta rage ƙarfin wuta gwargwadon zafi ba, batirin dafuwa yake yi a hankali. Masu wannan sana'a suna da ƙiyasin cewa duk ƙarin digiri goma na iya cinye kusan rabin rayuwar irin wannan batir. Mai shago a Ƙofar Ƙaura ba zai san haka ba. Abin da zai ce shi ne an sayar masa da jabu, ya je ya kama rigar mai sayarwa, alhali wataƙila saiti ɗaya ne ba a taɓa ba tun da aka fito da na'urar daga kwali.

Masanan fa muna da su. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na koyar da wannan fanni har matakin digiri na biyu da na uku. Jami'ar Bayero ta Kano na da sashen da ya haɗa kanikanci, lantarki da kwamfuta wuri guda. A nan gida akwai cibiyar binciken makamashi mai sabuntuwa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina tana yaye masu aikin lantarki. A ɗaya gefen ga yaran da ke hawa rufin kwano da rana tsaka suna kafa sola, da masu gyaran inbata da suka san kowace allon wuta da ido. Malamin jami'a na da lissafin, mai gyara na da tarin na'urorin da suka ƙone da labarin yadda suka ƙone. Ba kasafai suke zama a tabarma ɗaya ba.

Wani zai ce ai akwai Ƙungiyar Injiniyoyi ta Najeriya, NSE, tun 1958, ga kuma COREN da aka kafa a 1970. Gaskiya ne, kuma kowacce na da amfaninta. Amma COREN hukuma ce ta rajista da sa ido, NSE kuma babbar rumfa ce da ta tara mai gina gada da mai haƙar mai. Ba can ake zama a yi awa uku ana gardama kan dalilin da ya sa famfon sola ke ta kunnuwa yana mutuwa idan hazo ya rufe rana ba. Shi ya sa a duniya masu wannan fanni suka ware nasu zauren. An kafa tarayyarsu ta duniya, IFAC, a birnin Paris a 1957. Turai na da tata ƙungiyar, Asiya ma haka. Afirka ta Kudu ta gina tata har ta karɓi baƙuncin babban taron IFAC a Cape Town a 2014.

Tsorona ɗaya ne, kuma duk ɗan Najeriya ya san shi: kada a kafa ta ta zama wajen rabon muƙamai, ɗinkin anko da liyafar ƙarshen shekara. Idan sharaɗin shiga shi ne digiri da kuɗin rajista mai tsada, an kori rabin waɗanda ake buƙata tun daga bakin ƙofa. Mai difloma da wanda ya koyi aiki a hannun ubangidansa su shiga da cikakken 'yanci. A riƙa tattaunawa da Hausa idan ta kama, domin injiniyan da ba zai iya bayyana wa mai gyara abin da yake nufi ba, da saura a saninsa.

Kuma ba sai an jira ofis da mota ba. Zaure ɗaya a WhatsApp ko Telegram, da zama sau ɗaya a wata a wani aji na kwaleji, sun isa farawa. Aikin farko ma a bayyane yake: a tattara bayanan inbatoci da na'urorin caji da aka fi sayarwa a Katsina, Kano da Maraɗi, a gwada su a zafinmu da ƙurarmu, a fitar da takarda mai shafi biyu da Hausa da ke nuna saitin da ya dace da kowane irin batir. Ɗaliban da ke neman aikin kammala karatu su ɗauki gwajin, masu gyara su kawo na'urorin, malamai su duba lissafin, a tura takardar ta waya ga duk mai kafa sola daga Jibiya zuwa Funtuwa.