Ƙaramar Ƙungiyar Pillars Ce Rumbun Iri, Irin Kuwa Yana Karkara

Duk lokacin da kakar Firimiya ta gabato, hirar magoya bayan Kano Pillars iri ɗaya ce, daga teburin mai shayi a Bichi har gidajen kallon ƙwallo na Dambatta: wa aka sayo, wa ya tafi, shin bana Sai Masu Gida za su ɗaga kofi? Da wuya ka ji an ambaci ƙaramar ƙungiyar da ake renon matasa a cikinta. In ma an tuna da ita, tambayar ba ta wuce ko za ta kai wasan ƙarshe a gasar matasa. A ganina wannan ma'aunin bai dace da ita ba. Manomin Tsanyawa ko Makoɗa ya san bambancin hatsin ci da na iri. Ba a auna damin iri da yawan tuwon da zai bayar yau, ana auna shi da gonar da zai cika baɗi. Haka ƙaramar ƙungiya take: darajarta ita ce yawan yaran da take miƙa wa babbar ƙungiya kowace shekara.

Tarihin Pillars kansa ya isa hujja. An kafa ta a 1990, ta lashe gasar ƙasa sau 4, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka, sannan ta ɗauki kofin Aiteo a 2019. Amma a 2022 wannan ƙungiya ta faɗi daga Firimiya, sai a 2023 ta dawo. Dalilan faɗuwar suna da yawa, sai dai akwai wanda kowane ɗan kallo ya gani da idonsa: jiga-jigan da suka ci kofuna sun tafi ko sun manyanta, ba a kuwa samu isassun magada ba. Rabi'u Ali Pele ya haura shekara 40 da haihuwa yana ci wa Pillars ƙwallaye, dawowar Ahmed Musa da Shehu Abdullahi kuma ta faranta wa kowa rai. Sun cancanci yabo, da tsohuwar zuma ake magani. Amma ƙungiyar da take jingina da 'yan wasan da suka yi tashe fiye da shekara 10 da suka wuce, ya kamata ta leƙa rumbunta ta ga me ya rage.

Wanda yake ganin kofin matasa ne abin nema, ya dubi Sifaniya. Castilla, ƙaramar ƙungiyar Real Madrid, ta kai wasan ƙarshe na kofin Sarki a 1980, babbar yayarta ta doke ta da ci 6 da 1. A 1984 ta lashe gasar rukuni na biyu, amma doka ta hana ta hawa rukunin da babbar ƙungiyar take. Ribar da aka ci ita ce Butragueño da Míchel da Sanchís da Martín Vázquez, waɗanda da su Madrid ta lashe La Liga sau 5 a jere, daga 1986 zuwa 1990. Saboda haka idan mai goyon baya zai yi wa yaran Pillars alƙalanci, ya tambaya: mai tsaron ragar nan yana iya tsara 'yan bayansa? Ɗan tsakiyar nan yana ɗaga kai kafin ƙwallo ta iso shi? Shekarun da ke kan takardarsa su ne na gaskiya? Tambayar ƙarshen ta fi nauyi, domin ƙungiyar da ta tara ƙartai da sunan yara tana iya cin kofi, amma ta cinye irinta.

To ina za a samo yaran? Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, Kano ta Arewa kaɗai tana da 13, cike da matasa. A wannan yanki gona tana manne da gona, ba a bar ko taki ɗaya ba a noma ba, don haka filin ƙwallo sau da yawa bai wuce na makarantar firamare ba, shi ma gine-gine suna cin gefensa. Da damina yaro yana gona, da kaka yana girbi. Sai an kwashe amfani ake samun sararin gasar ƙauyuka, lokacin da wasu kuma sun tafi cirani. Mai neman 'yan wasan da ya tsaya a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata, ko ya jira gasar Ramat da ake yi a birni, ba zai taɓa ganin yaron Shanono ko Bagwai ba. Hawan Barau FC zuwa Firimiya a 2025 ya ƙara wa jihar ƙofa ta biyu, kuma zai zama asara idan ƙungiyoyin biyu suka ci gaba da rububin 'yan wasa a kasuwa ɗaya alhali gonar tana bayan gida.

Za a ce yaron ƙauye bai samu horo da wuri ba, ƙafarsa ba ta kai ta ɗan makarantar ƙwallo na birni laushi ba. Gaskiya ne, amma aikin ƙaramar ƙungiya ke nan, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba da wahalar noma da wasa a kan tsakuwa ya zo da juriyar da koci ba ya iya koyarwa, abin da ya rage masa shi ne dabara. Za a kuma ce wahalar banza ce, da zarar yaro ya goge Turai za ta ɗauke shi. Wannan ma ba asara ba ce. Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasashe ga ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23, muddin an yi masa rajista yadda ya kamata. Ga ƙungiyar da ta dogara da aljihun gwamnatin jiha, wannan hanyar samu ce mai ɗorewa.

Kirana ga shugabannin Pillars shi ne su ware wa ƙaramar ƙungiya kasafinta da kocinta da wasanni a kai a kai, su riƙa tura masu duba 'yan wasa gasar rani a ƙauyuka. Shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai su tsare filayen makarantu daga masu yanka fuloti. Mu kuma magoya baya mu je mu kalli yaran nan, mu san sunayensu, sannan a ƙarshen kowace kaka mu tambayi hukumar ƙungiya: yara nawa kuka ɗaga bana, kuma nawa ne daga karkara?