Dokar ta Borno ce, ɗan sandan na tarayya

A 2022 Gwamna Babagana Zulum ya sa hannu kan dokar hana cin zarafin jama'a ta Jihar Borno. Sai dai matar da miji ya fasa wa baki a Khaddamari, hedkwatar Jere, gaban kantar ɗan sanda za ta tsaya, shi kuwa ma'aikacin tarayya ne. Muddin ba a koya masa sauraron ta a keɓe, da rubuta ƙararta, da tura ta asibiti ba, abin da ya saba zai faɗa: a koma gida a sasanta.

Horo na cikin dalilan kafa Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda a 2019. Masu tsara kasafi a Abuja su ware wa wannan horon kuɗinsa da sunansa, kada sayen motoci ya lamushe shi.