Magani da Motsi: Hanyar Farfaɗo da Hannun da ya Shanye

A ƙasar Dambatta da Bichi da Dawakin Tofa, inda gona ke haɗa iyaka da gona, hannun manomi shi ne jarinsa. Idan shanyewar ɓarin jiki ta kama magidanci, fartanya ta faɗi, rumbu kuma ya shiga haɗari. Wannan cuta takan auku ne idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa, kuma hawan jini shi ne babban musabbabinta. Amma har yau akwai masu ɗaukar ta shafar aljanu, sai a yi ta hayaƙi da turare har watanni su shuɗe.

A ƙasashen Turai masana sun jarraba hanyoyi biyu na dawo da hannu, wato magani da na'ura. A shekarar 2011 wani bincike a Faransa, a kan majinyata 118, ya sa ran cewa maganin ciwon damuwa mai suna fuloksetin zai taimaka wa motsi. Da aka sake gwada shi a Birtaniya a kan mutum 3,127, sakamakon 2018 ya nuna bai ƙara musu ƙarfin yi wa kansu hidima ba, sai ma ƙarin karayar ƙashi. Haka nan a 2019 aka bayyana gwajin mutum-mutumin da ke riƙe hannun majinyaci yana motsa shi. Mutum 770 suka shiga gwajin, kuma na'urar ba ta fi kulawar da aka saba ba wajen dawo da aikin hannu.

Abin lura a nan shi ne, amfanin na'urar bai wuce maimaita motsi ba tare da gajiya ba. Ƙwaƙwalwa da maimaici take sake koyon aiki, musamman a watanni ukun farko, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Maimaici kuwa ba sai da wutar lantarki ba. Ɗaukar moɗa, jan carbi, ɓarar gyaɗa da kai loma baki duk atisaye ne, muddin an yi su kullum bisa tsarin masani. Shi kuwa magani, babban aikinsa shi ne daidaita hawan jini don kada cutar ta komo.

Saboda haka, kafin hukuma ta yi tunanin sayo na'ura mai tsada, ya kamata ta fara kai ma'aikatan gashi da motsa gaɓɓai asibitocin karkara. Manomin Makoɗa ko Kunchi ba zai iya zaryar zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano sau uku a mako ba, balle da damina. Jami'ar Bayero tana yaye irin waɗannan ma'aikata. Idan aka tura su ƙauyuka suka koya wa iyalin majinyaci yadda za su motsa shi, aka kuma wadata ɗakunan shan magani da ma'aunin jini da ƙwayoyi masu rahusa, magidanta da yawa za su sami damar komawa gonakinsu.