Wasiƙa a Buɗe ga Matasan 'Yan Hokin Ƙanƙara na Rasha: Zama Gida ko Tsallaka Teku?

Zuwa ga matasan 'yan wasan hokin ƙanƙara na ƙasar Rasha, da iyayensu, da kociyoyin da suka rene su.

Duk yaron da ya yi fice a makarantar hoki ta Yaroslavl ko Kazan ko Magnitogorsk, akwai lokacin da wayar mahaifinsa za ta hana gidan barci. Yawanci yana shekara 16 ko 17 ke nan. Wannan wakili ya kira ya ce akwai ƙungiya a Kanada da ke son yaron, wancan ya ce a kai shi Amurka, shugabannin kulob na gida kuma su ajiye kwantiragi a kan tebur su miƙo alƙalami. Shawarar mai wannan wasiƙa ita ce kada sunan gasa ya ruɗi kowa. Abin da ya raba waɗanda suka ci gaba da waɗanda suka tsaya cik, in aka bi tarihin shekaru ashirin da suka wuce, shi ne yawan mintunan da yaro ya samu a kan ƙanƙara, da irin takardar da ya sa wa hannu.

Hanyoyin sanannu ne. A gida akwai MHL, gasar matasa da aka kafa a 2009, wadda ake fafatawa a cikinta don Kofin Kharlamov. Sama da ita akwai VHL ta manya, sannan KHL da ta fara a 2008. Akasarin manyan kulob suna da ƙungiya a kowane mataki, ta yadda yaro zai iya hawa ko ya sauka ba tare da ya sauya gida ba. A Kanada akwai CHL, wadda ta haɗa gasa uku, OHL da WHL da QMJHL, da ƙungiyoyi kusan 60. A Amurka kuma akwai USHL mai ƙungiyoyi 16, wadda ta daɗe tana zama mashigar jami'o'i.

Mai son zama gida yana da hujja mai ƙarfi, kuma sunanta Kirill Kaprizov. Ya fara buga KHL yana ɗan shekara 17 a Metallurg Novokuznetsk, kulob ɗin da ke fama a ƙasan tebur, wanda ma aka fitar daga gasar a 2017. Raunin kulob ɗin ne ya zame masa alheri, domin babu wasu taurari masu tsada da za su tare masa hanya. A zaɓen sababbin 'yan wasa na NHL, babbar gasar ƙwararru ta Arewacin Amurka, na 2015 sai da aka kira mutum 134 kafin Minnesota ta ambaci sunansa. Bai yi gaggawar tafiya ba. Ya koma Salavat Yulaev, daga nan CSKA, ya ci ƙwallon da ta ba ƙasarsa zinare a kan Jamus a ƙarin lokaci a gasar Olamfik ta 2018, ya ɗauki Kofin Gagarin na KHL a 2019, sannan ya isa Minnesota a matsayin cikakken ɗan wasa, aka ba shi kyautar gwarzon sababbi ta 2021. Artemi Panarin ma babu wanda ya zaɓe shi ko da a zagayen ƙarshe. Ya gina kansa a Vityaz da SKA, ya je Chicago a 2015, ya lashe irin wannan kyauta a 2016.

Sai dai zama gida iri biyu ne. Akwai wanda ya zauna yana wasa, akwai wanda ya zauna yana ɗumama benci. Dokokin KHL sun ware gurabe na matasa a jerin 'yan wasan kowace rana, kuma sanannen abu ne a sa wa yaro riga a rubuta sunansa, amma ya tashi wasa da minti biyu ko uku, wani lokaci ma takalminsa bai taɓa ƙanƙara ba. Babban kulob mai neman kofi ba ya haƙuri da kuskuren yaro. Vasily Podkolzin, wanda Vancouver ta zaɓa na 10 a 2019, ya sha kai-komo tsakanin SKA da ƙananan ƙungiyoyinta, SKA-Neva da SKA-1946, kuma ko da ya zauna a babbar ƙungiyar, sau da yawa a layin ƙarshe ake ajiye shi. Matvei Michkov ya fara kakar 2022 zuwa 2023 a wannan kulob ɗin cikin irin wannan hali, har aka ba da shi aro ga Sochi a watan Disamba. Can, a ƙungiyar da ba ta da abin a zo a gani, ya samu fili, kuma a kakar da ta biyo baya ya tara maki 41, wato ƙwallayen da ya ci haɗe da waɗanda ya taimaka aka ci.

Saboda haka tambayar farko da ya kamata uba ya yi wa daraktan kulob ita ce: 'yan shekara 18 nawa ne suka buga wa babbar ƙungiya bara, kuma minti nawa kowannensu ya samu?

Su ma masu tsallaka teku suna da nasu gwanaye. Alexander Radulov ya tara maki 152 a Quebec Remparts a kakar 2005 zuwa 2006, ya kuma ɗauki Kofin Memorial na CHL. Mikhail Sergachev ya bar Irbis ta Kazan zuwa Windsor a 2015, a kakarsa ta farko aka zaɓe shi ɗan baya mafi ƙwarewa a OHL, Montreal ta ɗauke shi na 9 a 2016, daga baya ya ci Kofin Stanley na NHL sau biyu da Tampa Bay. Andrei Svechnikov ya bi matakai biyu: shekara ɗaya a Muskegon ta USHL, sannan Barrie ta OHL inda ya ci ƙwallo 40 a wasa 44, Carolina ta ɗauke shi na 2 a 2018. Abin da waɗannan suka samu a fili yake. Sun saba da ƙaramin fili mai faɗin mita 26, inda ba a samun sararin juyawa kafin a ji kafaɗar abokin hamayya, sun koyi Turanci, sun saba da kaka mai wasa sama da 60, kuma kowane dare masu farautar 'yan wasa na NHL suna zaune suna kallonsu da idonsu.

To amma ga Nail Yakupov. Yaron Nizhnekamsk ne da ya je Sarnia ya tara maki 101 a kakarsa ta farko, Edmonton ta ɗauke shi na ɗaya a 2012. Bayan kaka shida a Edmonton da St. Louis da Colorado ya koma gida a 2018, kuma sai a Avangard ya ɗaga babban kofi a 2021. Cin ƙwallaye a tsakanin 'yan shekara 17 zuwa 20 bai koya masa duk abin da wasan manya yake buƙata ba. Mikhail Grigorenko kuma doka ce ta ɗaure shi. Shekaru da dama yarjejeniyar NHL da CHL ta tanadi cewa yaron da aka zaɓa daga CHL, in bai samu gurbi a babbar ƙungiya ba, dole ya koma gasar matasa har ya kai shekara 20, ba a tura shi AHL inda ake goge ƙananan ƙwararru. Buffalo ta zaɓe shi na 12 a 2012, ya zama ya fi ƙarfin gasar yara, bai kai na manya ba, aka yi ta cilla shi tsakanin Buffalo da Quebec kaka biyu. Wanda aka zaɓa kai tsaye daga kulob na Rasha wannan ƙa'ida ba ta hau kansa ba. Dokokin nan suna sauyawa, don haka wajibi ne a karanta wadda take aiki a shekarar da yaro zai tafi.

Akwai kuma batun gurbin baƙi. An daɗe ana taƙaita kowace ƙungiyar CHL ga 'yan ƙasar waje biyu, sai a 2025 aka ƙara zuwa uku. Nikita Kucherov, wanda ya ci Kofin Kharlamov da Krasnaya Armiya a 2011, ya je Quebec a 2012 ya tarar baƙi sun zama uku, shi da Grigorenko da Nick Sorensen. Bayan 'yan wasanni aka tura shi Rouyn-Noranda, wani garin haƙar ma'adinai can yammacin lardin Quebec, mai nisa da duk abin da aka yi masa alkawari. Shi dai abin ya yi masa kyau, ya ci gaba har ya tara maki 128 a NHL a kakar 2018 zuwa 2019. Amma ba shi ya zaɓi garin ba. A CHL ƙungiya ce take zaɓar yaro, kuma ita take da ikon musanya shi a tsakiyar hunturu.

Matsayin da yaro yake bugawa yana da nasa hukunci. Masu tsaron raga na Rasha da suka mamaye NHL a wannan zamani duk a gida suka girma: Andrei Vasilevskiy a Ufa, Igor Shesterkin a Spartak da SKA, Ilya Sorokin a Novokuznetsk da CSKA, Sergei Bobrovsky shi ma a Novokuznetsk, kuma babu wanda ya zaɓe shi kafin Philadelphia ta ɗauke shi a 2010. Gola yana nuna a hankali, yana buƙatar koci na musamman da zai zauna da shi shekaru, kuma makarantun gida sun ƙware a wannan fanni. Ɗan baya kuwa, wanda ƙaramin fili yake sauya masa lissafin kusurwa da saurin yanke shawara, zai iya amfana da tafiya da wuri, kamar yadda aka gani ga Sergachev da Ivan Provorov. Shi Provorov tun yana ɗan yaro ya bar Yaroslavl zuwa Pennsylvania, ya bi ta Cedar Rapids da Brandon, Philadelphia ta ɗauke shi na 7 a 2015.

Tun Fabrairun 2022 siyasa ta shigo lissafin. Hukumar hoki ta duniya ta dakatar da Rasha bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren, aka ɗauke gasar matasa ta duniya ta 2023 daga Novosibirsk da Omsk, matasan Rasha suka rasa dandalin da ake gwada su da tsararrakinsu na Kanada da Suwidin da Finland. CHL ta rufe musu ƙofar zaɓen baƙi a 2022, ta sake buɗewa a 2024, kuma na farko da aka kira a wannan shekara shi ne Matvei Gridin, wanda ya riga ya fi kowa maki a USHL. Wasu wakilai suna amfani da wannan yanayi su tsorata iyaye, su ce duk wanda ya zauna gida babu mai ganinsa. Zaɓen NHL na 2023 bai goyi bayan wannan magana ba. Arizona ta ɗauki Dmitri Simashev na 6 da Daniil But na 12, dukansu daga Yaroslavl, suka ci gaba da zama har suka ɗauki Kofin Gagarin da Lokomotiv a 2025 kafin su tafi. Ivan Demidov daga SKA-1946 ta MHL Montreal ta zaɓe shi na 5 a 2024, ya ƙara kaka ɗaya a KHL ya tara maki 49, ya karya tarihin Kaprizov na 'yan ƙasa da shekara 20.

Inda ya kamata a buɗe ido sosai shi ne kwantiragi. Babu yarjejeniyar musayar 'yan wasa tsakanin NHL da Rasha, kuma 'yar fahimtar da ke tsakaninta da KHL an jingine ta a Maris 2022. Yaron da ya sa hannu a takardar shekara huɗu ko biyar yana ɗan shekara 17 ya miƙa wuyansa har ƙarshen wa'adin, sai in kulob ya ga dama ya sake shi. Michkov yana cikin waɗanda ake ganin sun fi kowa hazaƙa a 2023, amma kwantiraginsa da ya kai 2026 yana daga cikin abubuwan da suka sa ya sauka zuwa na 7, kuma da yardar SKA ya samu tafiya a 2024. Hidimar soja ma ba abin wasa ba ce. Dokar ƙasa ta wajabta wata 12 ga maza, kuma daga 2024 shekarun kira sun kama daga 18 zuwa 30. Ivan Fedotov ya sa hannu da Philadelphia a Mayun 2022, aka tsare shi a St. Petersburg a watan Yuli, aka tura shi sansanin sojan ruwa a arewa, bai isa ƙungiyar ba sai Maris 2024. Duk iyalin da ke shirin tafiya su warware wannan batu da lauya tun kafin a sayi tikiti.

Wata ƙofa ta ƙara buɗewa. A Nuwamba 2024 hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta amince 'yan CHL su riƙa buga wa jami'o'i daga Agustan 2025, abin da a da aka haramta. Wanda yake sha'awar wannan hanya dole ya riƙe karatunsa da Turancinsa, domin jami'a tana duba takardun makaranta kafin ta duba sanda. Artyom Levshunov na Belarus ya bi ta Green Bay ta USHL zuwa Jami'ar Jihar Michigan, Chicago ta ɗauke shi na 2 a 2024.

Kada kuma a manta yaron mutum ne. A Kanada zai zauna a gidan wasu iyali da bai taɓa sani ba, ya ci abincin da bai saba da shi ba, ya kwana a bas tsakanin garuruwan Saskatchewan da Alberta. A gida ma akwai gajiya, tunda MHL ta kai har Khabarovsk da tsibirin Sakhalin, amma mahaifiyarsa tana iya zuwa kallonsa. Wani yaro kaɗaici yana ƙara masa ƙarfi, wani kuma yana karya shi cikin wata uku, kuma iyaye sun fi kowane wakili sanin wanne ne ɗansu.

Kafin a sa hannu a ko'ina, ya dace uba da ɗa su zauna da kocin da zai riƙe yaron, ba wakili kaɗai ba, su ji a wane layi za a sa shi da kuma ko zai shiga lokacin da abokan hamayya suka rasa mutum ɗaya. Su nemi jin ta bakin wani ɗan Rasha da ya taɓa buga wa ƙungiyar. Su tambayi wakili wa yake biyansa, kuma nawa. Su duba tsawon kwantiragi da kuɗin fansa idan ana son fita. KHL tana wallafa mintunan kowane ɗan wasa a kowane wasa, don haka alkawarin da daraktan kulob ya yi da baki ana iya gwada shi da alƙaluman bara kafin a tashi daga tebur.